Shuɗin da Ke Cikin Waya

Da safen ranar da aka dawo aiki bayan hutun ƙarshen mako, Yaya ta buɗe ƙaramin ɗakin ciki riƙe da kofin shayinta kamar yadda ta saba, sai ta tarar da firam rataye a bango babu zane a cikinsa. An bi gefensa huɗu da wuƙa an yanke ƙyallen da zanen ke kai, an bar ɗan siririn saura mai launin shuɗi manne a jikin katako. Kofin ya suɓuce daga hannunta ya tarwatse. Ta yi salati har muryarta ta dishe, ba ta ma ji zafin shayin da ya zubo mata a ƙafa ba.

Gidan sayar da zane-zane take da shi, ita da maigidanta, kuma kowa a wurin Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Zanen da aka yanke shi ne aikin ƙarshe na wani tsohon mai zane da ya rasu bara, hoton wata mace zaune a gindin shuɗin bango tana tsifar kai. Marigayin ya yi rayuwarsa yana talla da aikinsa ana ce masa a dawo gobe. Da ya mutu kuwa sai duniya ta farka. Masu kuɗin ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba suka shiga rububin aikinsa ta waya, irin mutanen nan da za su sayi zane ba su taɓa tsayawa gabansa ba, a kulle musu shi a sito mai sanyi da duhu, su jira ya ƙara daraja su sake sayarwa. A ƙarshen makon nan za a yi gwanjon wannan ta intanet, kuma tuni hotonsa ya zaga duniya.

Kafin hantsi 'yan sanda sun cika gidan. Sufeton da ya jagorance su mutum ne siriri mai furfura a saje, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma gaggawa. Ya duba kyamarorin tsaro ya tarar an kashe su tun daga ofis. Ya duba ƙofofi, ba wadda aka ɓalle. A banɗakin baya ya ga an fasa 'yar taga mai kallon lungu, wadda ko kan mutum ba zai shige ba. A ƙarƙashin wurin wanke hannu kuma ga wuƙar yanka kwali mai jan mariƙi.

“Ta nan aka miƙa shi waje,” in ji Sufeto. “An yanke, an nannaɗe, an tura wa wani a lungu. Hajiya, su wa ke da makulli da lambar kashe kyamara?”

“Ni, da maigidana, da ƙanena.”

“Wuƙar nan fa ta wane ne?”

Yaya ta kawar da kai gefe. Maigidanta, wanda ma'aikata ke kira Oga, ya sunkuyar da kai ya share gumi.

“Yallaɓai, ba na son in faɗa,” in ji shi. “Ta Auta ce. Amma don Allah a bi a hankali, yaron ya shiryu tun da ya fito.”

“Ya fito daga ina?”

Shi ke nan, magana ta fita. Auta ƙanen Yaya ne, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma shi ke rataya zane da haɗa akwatunan katako a gidan. Da ƙuruciya ya bi abokai aka fasa wani shago, ya yi zaman gidan yari, ya fito da ciwon ƙirji da har yau bai sake shi ba. Aka sa masa ankwa a gaban idonta yana riƙe da guduma. Bai yi gardama ba, ita kawai yake kallo.

“Gobe da safe zan kai shi kotu,” in ji Sufeto. “Mai tsohon laifi da wuya a ba da belinsa. Gara in faɗa miki tun yanzu.”

Suna fita Yaya ta nufi rumfar mai gadi ko takalminta ba ta saka daidai ba. Mai gadin ya riga ya sha tambayoyi, yana zaune ya yi zuru.

“Baba, dubi Allah ka gaya mini. Wa ya shigo gidan nan jiya?”

“Yaya, abin da na faɗa wa hukuma shi zan faɗa miki. Oga ya zo da rana, ya shige ofis yin wayarsa da mutanen waje, yadda ya saba ko ranar hutu. Ya fita. Can da la'asar Auta ya zo, na ji bugun guduma a sito, shi ma ya fita.”

“Da me a hannunsa?”

“Hannu rabbana. Shi ma Oga jakar kwamfutarsa kawai.”

“Ba ka zaga lungu ba?”

“Kin san gwiwata. In na ce na zaga na yi ƙarya.”

Ta dube shi da kyau. Mutumin da ko ƙofar ɗakin ciki bai taɓa tsallakawa ba, wanda ke cewa shi bai ga abin da ake gani a hoton macen da ba ta ko kallon mutane ba. Ba shi da makulli, bai san inda ake kashe kyamara ba. Ta bar shi ta tari mota zuwa ofishin 'yan sanda.

Sai da ta yi magiya kamar za ta durƙusa kafin aka bar ta ta ga Auta ta bayan ƙarfe. Ɗakin babu iska, kuma tun daga nesa take jin yadda numfashinsa ke fita da ƙara.

“Yaya, wallahi ban taɓa shi ba.”

“Na sani. Me ya kai ka gidan ranar hutu?”

“Oga ne ya kira ni. Ya ce in je in rufe babban akwatin nan da za a kai bajekolin ƙasar waje, motar filin jirgi yau da yamma za ta zo. Na tarar ya riga ya jera zane-zanen bajekolin a ciki ya sa soso, ni dai na buga murfi.”

“Wuƙarka fa?”

“Tun makon jiya nake nemanta.” Ya yi tari mai tsawo, ya riƙe ƙarfen da hannu biyu. “Yaya, kin san yadda na fito wancan karon. In aka mayar da ni can, gawata za ki karɓa. Ba tsoro nake ba ki ba.”

Ta san ba tsoro yake ba ta ba. Ta juya da sauri don kada ya ga fuskarta, ta tsaya a baranda tana kuka irin na manya, wanda ba ya fitar da sauti. Ba ta da lauyan da zai yi wani abu kafin gobe, ba ta san kowa a sama ba, kuma duk wata shaida ɗan'uwanta take nunawa.

A tsakar ofishin, wajen hasken rana, an jingine firam ɗin a jikin benci ana shirin ɗaukarsa hoto. Sufeto na tsugune gabansa da wayarsa a hannu. Da ya ga Yaya sai ya yafito ta.

“Zo ki tabbatar mini, don in rubuta. Wannan sauran ƙyallen na zanen da aka sace ne ko?” Ya buɗe hoton gwanjon a wayar, ya faɗaɗa gefensa, ya kara shi da ƙyallen. “Ni dai na ga launi ɗaya ne sak.”

Yaya ta share ido ta duba. Gaskiya ne, ɗaya ne sak, shuɗi mai haske, tas da shi, mai ɗaukar ido. Ta buɗe baki za ta ce e, sai ta dakata. Tun ranar da aka kawo zanen nan, kowace safiya a gabansa take shan shayi. Shuɗin bangon da macen ke zaune a gindinsa ba haka yake ba. Shuɗi ne mai duhu-duhu, kamar tsohuwar riga da ta sha wanki, har da ɗan toka-toka a cikinsa. Da safe gigita ta hana ta lura.

“Yallaɓai, bai kamata su zama ɗaya ba.”

“Ban gane ba.”

“Ni ma ban gama ganewa ba. Ka ara mini kanka na ɗan lokaci, ka ɗauko firam ɗin nan mu je wurare biyu. In ban nuna maka kome ba, ba zan sake damunka ba.”

Sufeto ya dube ta, ya dubi ƙafarta da shayi ya tasa, ya ce a kawo mota.

Wurin farko ɗakin mai ɗaukar hoto ne, wata budurwa mai surutu da gidajen zane da yawa ke ba aiki. Ganin ɗan sanda ya sa ta miƙe har kujera ta faɗi.

“Ni fa tun da na ɗauki hoton ban sake taka gidan ba, Yallaɓai. Ranar hutun ma ina wurin aikin wani kamfani, mutum ya fi a ƙirga da ya gan ni.”

“Ba wannan ya kawo mu ba,” in ji Yaya. “Hoton da kika ba mu na gwanjo, yadda kyamara ta ɗauka kika ba mu?”

Budurwar ta yi 'yar dariyar kunya.

“Haba Yaya, wa ke yin haka yanzu? Sai an ɗan taɓa shi. A waya ake kallo, mutum na cikin mota ko yana kwance, yatsa kawai yake ja. In launi ya yi sanyi wucewa zai yi. Kowa ɗagawa yake, na ɗaga shuɗin kaɗan.”

“Kaɗan?”

“To, da ɗan dama.”

“Wa kika gaya wa?”

“Ba wanda ya tambaya.”

“Na asalin yana nan?”

Yana nan. Ta buɗe su biyu gefe da gefe a kwamfuta, Sufeto ya matso da kansa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Na hagu shi ne bangon da Yaya ta sani. Na dama kuwa sai ka ce an wanke shi an goge. Ya sa aka buga masa kowanne a takarda mai kyau, ya saka a ambulan.

Wuri na biyu shagon mai gyaran tsofaffin zane ne, wani dattijo mai faɗa wanda ya yi makonni yana tsabtace zanen Marigayi kafin a sa shi a firam. A cikin mota Sufeto ya ce shi fa yanzu wannan dattijon yake zargi, tunda in ƙyallen jabu ne, sai mai hannun fenti zai iya yinsa. Yaya ita ma tunanin ya zo mata, har ta ji tana fatan ya zama shi ne, Allah ya yafe mata.

Sufeto ya ajiye firam ɗin a kan tebur bai yi bayani ba.

“Baba, ka san wannan?”

“Firam ɗin na sani, ni na zaɓe shi.” Dattijon ya sa tabarau, ya sunkuya, ya ja tsaki. “Wane mara kunya ne ya liƙa wannan abin a ciki?”

“Ba sauran zanen ba ne?”

“Sauran me? Marigayi fentin mai yake amfani da shi, wannan kuwa na ruwa ne mai saurin bushewa. Juya bayansa ka ga ƙyallen, fari fat, ko ƙura bai sha ba. Shuɗin kuma, Allah ya kiyaye, sai ka ce bokitin roba.”

“Kai za ka iya yin irinsa?”

“In da ni zan yi, ɗana, da ba ka zo nan ba, don ba mai ganewa. Launin nan a hannuna ya kwana ya tashi. Kuma ni ko makullin banɗakinsu ba ni da shi.”

“A ce an yanke na gaskiyar an nannaɗe fa?”

“Fentin Marigayi kauri gare shi. Ka nannaɗe shi ya farfashe ya zube, ka tashi da tsumma. Duk wanda ya san darajarsa a miƙe zai ɗauke shi, da katakonsa.”

Da suka koma mota Sufeto bai ce a tayar ba. Ya zauna yana buga yatsa a gwiwa yana jera abin a fili. Ba a yanke zanen ba, ciro shi aka yi lafiyarsa lau. Aka sa wani sabon ƙyalle da aka shafa wa fenti a gefe, aka yanke shi, don a ce aikin ɓarawo ne mai gaggawa. Tagar banɗaki ado ce kawai. Zane a miƙe ba zai bi ta can ba, mai gadi kuma bai ga an fita da babban abu ba, ke nan yana cikin gidan har yanzu. Saura wanda ke da makulli, ya iya haɗa launi, amma bai san kalar zanen ba sai yadda ya gan ta a waya.

“Ƙanenki ya iya fenti?”

“Ko da'ira ba ya iya zanawa. Kuma shi ya rataya shi, shi ke goge firam ɗin.”

“To wa ya rage, Hajiya?”

Yaya ta kalli titi ta gilashi. Ta riga shi isa wurin tun a shagon dattijo, tana ta ja da baya ne kawai. Lokacin da ta auri maigidanta mai zane ne, yana da hannu mai kyau, a ɗaki ɗaya suke kwana da warin fenti. Da kasuwa ta koma waya sai ya ajiye buroshi, ya zama mutumin ofis, kullum idonsa a kan allon kwamfuta yana bin farashin gwanjon ƙasashe, yana magana a kan zane kamar mai maganar buhunan siminti. Makon jiya, tana ware kayan wanki, ta ga ɗigon shuɗin fenti a hannun farar rigarsa. Ta tsaya riƙe da rigar tana murmushi ita kaɗai. Ta ɗauka ya koma zane a ɓoye, kunya ce ta hana shi faɗa, har ta ƙi wanke rigar, ta ninke ta ta ɓoye a ƙasan akwatinta kamar wata yarinya.

Uban 'ya'yanta ne. In ta yi shiru, gobe da safe a kai Auta kotu. In ta yi magana, ita za ta koma gida ta dubi yara ta gaya musu inda ubansu yake. Ta tuna ƙarar numfashin nan a bayan ƙarfe.

“Yallaɓai, mu biya ta gida in ɗauko wani abu,” in ji ta. “Sannan mu yi sauri, motar filin jirgi da yamma za ta zo.”

Sun tarar da motar ta riga su. An buɗe babbar ƙofar sito, ma'aikata sun kewaye akwatin katakon suna shirin ɗagawa, Oga na tsaye da waya a kunne yana ba da umarni da hannu. Shi zai bi kayan zuwa bajekolin. Da ya gan su ya kashe wayar ya taho da fuskar jaje.

“Maman yara, ina kika shiga tun safe? Na yi magana da kamfanin inshora, sun ce kada mu damu. Batun Auta kuma zan nemi lauya in na dawo.”

“A dakata da akwatin nan,” in ji Sufeto. “Ranka ya daɗe, taimako kaɗan nake so. Za mu baza hoton zanen a kan iyakoki, an ba ni guda biyu, ban san wanne ne daidai ba.”

Ya zaro takardun ya shimfiɗa a kan murfin akwatin. Oga ko dogon kallo bai yi ba, ya ɗora yatsa a kan mai hasken.

“Wannan ne. Ɗayan injin bugawa ne ya ɓata shi.”

“Ka tabbata?”

“Yallaɓai, ni nake sayar da shi. Ba ranar da ba na kallonsa.”

Sufeto ya kira mai shara, wata mata da ke goge ɗakin ciki kullum. Ta goge hannu a jikinta, ta duba, ta nuna mai duhun ta ce wannan ne na ɗaki. Direban gidan, wanda ya ɗauko zanen daga wurin mai gyara, shi ma mai duhun ya nuna. Oga ya yi dariyar da ba ta kai ido ba.

“To sai me? Don na yi kuskuren hoto?”

“A buɗe akwatin,” in ji Sufeto.

“Ba za a buɗe ba! An gama takardun kwastan, in aka taɓa shi mun rasa jirgi, mun rasa bajekolin. Maman yara, ki yi masa magana mana!”

Yaya ta ɗauki ƙarfen ɓalle ƙusa daga kan teburin Auta ta miƙa wa ɗan sandan da ke kusa da ita.

Aka ɗaga murfi, aka ciro zane-zanen da ke cikin takarda ɗaya bayan ɗaya. A can ƙasa, ƙarƙashin soso mai kauri, akwai wani falle na katako da bai kamata ya kasance ba. Da aka ɗaga shi sai ga macen zaune a gindin bangonta tana tsifar kai, ko ƙwarzane babu a jikinta. Sufeto ya kawo firam ɗin ya jingine kusa da ita. Ko makaho ya shafa zai ce ba a tukunya ɗaya aka dama shuɗin biyu ba.

“Auta ne ya rufe akwatin,” in ji Oga da sauri. “Kowa ya ji bugun gudumarsa.”

“Shi ya buga murfi, kai ka jera kaya, kuma wayarka za ta nuna kai ka kira shi,” in ji Sufeto. “Bari in gaya maka yadda aka yi. Ka sami mai saye a ɓoye a can waje, irin waɗanda ba sa tambaya, ga kuma inshora za ta biya a nan. Ba ka iya yanka zanen ba don ka san abin da zai rasa. Sai ka shirya ƙyallen ƙarya tun da wuri, ka ɗauke wuƙar yaron, ranar hutu ka kashe kyamara ka yi musanya, ka fasa taga, ka kira shi don ya zama shi ne na ƙarshe a gidan. Ka san da tsohon laifinsa ba mai sauraronsa. Ba a gidan nan ka haɗa launin ba, don kada a gan ka, sai ka haɗa shi daga hoton da ke wayarka. Abin da ba ka sani ba, mai hoto ta ɗaga shuɗin.”

“Ni rabona da buroshi shekara da shekaru. Tambayi matata.”

Duka suka juyo gare ta. Yaya ta buɗe jakarta ta ciro farar rigar a ninke. Ta warware hannun rigar ta ɗora a jikin sauran ƙyallen da ke firam. Ɗigon da ƙyallen ba su da maraba.

Oga ya daɗe yana kallon rigar. Sannan ya zauna a bakin akwatin.

“Kasuwar nan ta fi ƙarfinmu,” ya ce a hankali. “Manyan gidajen gwanjo sun buɗe shafukansu, masu zane na sayarwa da kansu ta waya. Nan da 'yan shekaru ba mai bukatar irinmu. Don ke da yara na yi. Auta kuma na ɗauka ɗan zama zai yi ya fito.”

“Ɗan zama,” in ji Yaya. “Kai ka kai shi asibiti da ya fito wancan karon. Kai ka riƙe masa robar numfashi.”

Ya ɗaga kai ya dubi zanen da aka jingine a jikin bango, ya ƙura masa ido kamar baƙon da ya shigo yanzu.

“Ashe haka yake da duhu,” ya ce.

“Bango ɗaya ne tsakaninsa da ofishinka, Abban yara. Da sau ɗaya ka leƙo ka sha shayi da ni, da yanzu ƙanena ya tafi gidan yari, kai kuma kana cikin jirgi.”

Sufeto ya karɓi rigar zai saka a leda, sai ya tsaya.

“Hajiya, me ya hana ki wanke ta?”

“Murna nake yi,” in ji ta. “Na ɗauka ya dawo.”

Aka fita da Oga.

Rana ba ta faɗi ba aka saki Auta. Ya fito yana dafa bango, ya tsaya a ƙofar ofishin yana jan iska da baki a buɗe, sannan ya rungume yayarsa yana kuka kamar lokacin da take goya shi. Ta bar shi ya yi mai isarsa. A mota ya tambaye ta ko su wuce asibiti a duba ƙafarta, ta ce a'a, shi za a fara dubawa, daga nan kuma sai gida, don yara sun dawo daga makaranta tun ɗazu suna jiran wanda zai buɗe musu ƙofa.

“Me za ki ce musu, Yaya?”

Ta dubi hannunta, inda ɗan shuɗin rigar ya goge a kan yatsa. Ta murza shi a jikin kujera bai fita ba.

“Ban sani ba tukuna,” ta ce. “Kai dai ka riƙa numfashi.”